Likitan da Nake Horarwa Ya Cike Ranakun da Bai Tambaya Ba: In Sa Masa Hannu?

Wasiƙar wannan makon daga wata ma'aikaciyar lafiya ta zo. Na taƙaita ta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane ta ko wanda take magana a kansa.

"Assalamu alaikum Anti. Ina aiki a sashen sa ido kan cututtuka na ma'aikatar lafiya ta wata jiha a arewa maso yamma. Asalina 'yar ɗakin gwaje-gwaje ce, shekarata 11 a bakin aiki. Bana aka turo mini wani likita da ke samun horon binciken annoba, aka ce ni zan riƙa duba aikinsa na fili. Ya girme ni, ya kuma daɗe yana duba marasa lafiya a asibiti. Da zafin bazara sanƙarau ya ɓulla a wata ƙaramar hukuma, na tura shi tare da jami'in sa ido na can. Ya dawo da kwalaben ruwan laka, wato ruwan da ake zuƙowa daga ƙashin bayan mai ciwo don gwaji, a cikin kula, an jera musu ƙanƙara, da muka shuka a ɗakin gwaji don neman ƙwayar cutar ba abin da ya tsiro. Sannan jerin marasa lafiyar da ya kawo, mutum 41, kowa da ranar da ciwo ya fara masa, babu gurbi ko ɗaya. Abin ya ba ni mamaki, sai na kira jami'in. Ya ce a ƙauyuka biyu ba su ga iyayen yaran ba, rajistar asibiti suka kwafa, ita kuwa ba ta da wannan ranar. Raina ya ɓaci, na yi masa faɗa a kan kwalaben a gaban direba da ƙananan ma'aikata. Maganar ranakun kuwa har yau ban tayar ba. Tun daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Rahotanninsa ni nake gyarawa da dare bayan yara sun yi barci, in tura da sunansa. Yanzu an aiko takardar tantance shi. Ogana ya ce in sa hannu a wuce wurin, mutum ne mai iyali. Ba na son in zama sanadin tozarta shi, amma zuciyata ta ƙi. Me zan yi?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Kada ki sa hannun nan tukuna. Kada kuma ki rubuta masa takardar da za ta tauye masa gaba. Akwai aikin kamar mako uku da ya kamata a yi kafin alƙalami ya taɓa wannan takardar, kuma rabin aikin a wuyanki yake. Na lura ba rarrashi kika zo nema ba, don haka zan faɗa miki abin da na gani kai-tsaye: kin yi faɗa a kan ƙaramin laifi, kin yi shiru a kan babban.

Mu fara da kwalaben, tunda su suka sa kika ɗaga murya. Duk wanda ya taso a aikin lafiya a ƙasar nan, abin da aka cusa masa a kai shi ne sanyi. Allurar rigakafi a sanyi take tafiya. Bayan-gidan yaron da ake zargin yana da shan-inna sau biyu ake ɗauka, da tazarar aƙalla awa 24, cikin kwana 14 da fara shanyewar, a sa a kula da ƙanƙara har ya isa ɗakin gwajin Ibadan ko na Maiduguri da sanyinsa. Jinin ƙyanda ma haka. Ita kanta kwalbar Trans-Isolate da ake zuba ruwan laka, a firji take zama kafin a buƙace ta. Sai kuma a ce da mutum, wannan ɗaya tak, ka fito da ita sanyin ya sake ta kafin ka zuba, in ka zuba kada ta ƙara ganin firji, don ƙwayar sanƙarau ba ta jure sanyi. In kuma za ta wuce kwana ɗaya ba ta isa ba, a soka mata allura mai toshiyar auduga ta sha iska. Ke wannan ya zame miki jiki, don ke kika saba buɗe kwalba ki shuka ki jira. Likitan asibiti kuwa aikinsa ya ƙare da zarar ya zare allura daga bayan yaro ya miƙa wa wani kwalbar. Shekara nawa ya yi yana miƙawa, bai taɓa bin ta ya ga inda take kwana ba.

To, kafin ya hau mota, kin ɗauko kwalbar kin nuna masa da hannunki? Kin sa shi ya maimaita miki abin da zai yi daga lokacin da ruwan ya ɗigo har zuwa teburinki? In amsar a'a ce, da ke da shi kuka raba wannan asarar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki kuma tuntuɓi ɗakin gwajin da kuke turawa idan kwalaben na nan: sanyi ya hana ƙwayar tsirowa, amma gwajin PCR, mai neman ƙwayoyin halittar cutar, ba ya buƙatar ƙwaya mai rai, wataƙila a ceto wani abu.

Ban raina asarar ba. Kin san abin da ya faru daga ƙarshen 2016 zuwa tsakiyar 2017, lokacin da sanƙarau ya ratsa Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja, mutum sama da 14,000 aka zarga sun kamu, sama da 1,100 suka rasu. Allurar MenAfriVac da aka yi wa mutane a shekarun baya nau'in A take karewa, wannan karon kuwa nau'in C ne ya zo. Ba a gane nau'i da ido, kuma masu riƙe da rumbun allurar gaggawa na duniya sai sun ga shaidar gwaji suke sakin allura. Kowace kwalba da ta lalace kwanaki ne aka ƙara wa jira. Duk da haka, wannan kuskuren hannu ne. Yini ɗaya a ɗakin gwaji zai raba likitan da shi har abada.

Ranakun su ne suka hana ni barci bayan na karanta wasiƙarki.

Ki tuna me ake yi da wannan gurbin. Da shi ake zana hawa da saukar annobar, a gane ko tana ƙaruwa ko ta fara lafawa. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, a yanki mai mutum 30,000 zuwa 100,000, in masu kamuwa suka kai 3 cikin kowane 100,000 a mako guda an shiga matakin gargaɗi, in suka kai 10 annoba ce. Mako-mako ake ƙirga. Yaro biyar da aka matsar daga wannan makon zuwa wancan sun isa su sa a ce an ƙetare iyaka alhali ba a ƙetare ba, ko a ce da sauran lokaci alhali wuta ta riga ta kama. Haka nan, tunda cutar kan ɗauki kwana 2 zuwa 10 a jiki kafin ta bayyana, da ranar farawa ake komawa baya a tambayi ina yaran nan suka haɗu: makarantar allo ce, ɗakin kwanan ɗalibai ne, biki ne? Gurbin da aka bari babu komai yana gaya wa mai karantawa cewa nan ba a sani ba, ya yi hattara. Ranar da aka ƙirƙira kuwa kamarta ɗaya da ta gaskiya, wanda ke zaune a Abuja ba shi da hanyar bambance su.

Amma kafin ki yanke masa hukuncin maƙaryaci, ki lura cewa ba ki ji ta bakinsa ba. Na yi aiki da likitoci da yawa da suka shigo wannan fannin daga asibiti, na san yadda kansu ke lissafi. A asibiti uwa kan ce kwana uku ke nan jikinsa da zafi, likita ya rubuta ya wuce, don magani ne a gabansa. Mai yiwuwa ya ɗauki ranar da aka kwantar da yaro ya cire kwana biyu ko uku, a ransa yana ganin ƙiyasi ne na mai gwaninta. Mai yiwuwa kuma kunya ce, babban mutum ya dawo gaban wadda ya girma da takarda duk huji. Ko ɗaya cikin biyun bai halatta abin da ya yi ba, amma maganinsu daban da na wanda ya zauna cikin mota ya shara ƙarya don ya huta. Ƙiyasi halal ne a aikinmu in an rubuta a gefe cewa ƙiyasi ne, aka kuma faɗi yadda aka yi shi. Wataƙila ba wanda ya taɓa gaya masa cewa a wannan aikin wanda ya dawo ya ce ban samu ba ya fi daraja a kan wanda ya dawo da takarda cike tam.

Akwai kuma wani abu a maganar jami'in da ban ga kin tsaya a kansa ba. Ya ce ba su ga iyayen yaran ba. Su wa kika tura? In maza biyu ne da direba, da rana tsaka, a ƙauyen da masu gida suka tafi sharar gona ko kasuwa, ai iyayen suna nan, cikin gida suke, namiji baƙo kuwa iyakarsa zaure. Uwa ce ta san daren da yaro ya fara kuka yana ƙin a taɓa masa wuya, ita ta ga maɗigar jariri ta kumbura. Tawagar da ba mace a cikinta, ba a kuma nemo unguwarzoma ko wata ma'aikaciyar asibitin garin ta shiga ba, ta riga ta rasa rabin labarin tun daga ofis. Haɗa tawaga kuwa aikin mai dubawa ne.

Yanzu ga abin da ya fi nauyi a bakina. Kin ce kina gyara rahotanninsa da dare ki tura da sunansa. Ƙanwata, ki dubi abin da kyau. Shi ya ga gurbi a jerin marasa lafiya ya cike don kada a ga rashi. Ke kin ga gurbi a iliminsa kina cikewa don kada a ga rashi. Masu horar da shi na karanta rahoto mai kyau suna cewa likitan nan ya iya, kamar yadda aka karanta jerinsa aka ce ranakun nan sahihai ne. Na san da kyakkyawar niyya kike yi, kina gudun fitina, kina kuma kare sunan sashenku. Amma barcinki kike kashewa, shi kuma bai ƙaru da komai ba, ƙila ma bai san ana gyarawa ba. Daga yau ki daina. Ki mayar masa da rahoto da tambayoyi a gefe: wannan adadin daga ina? Wa ka ƙirga a matsayin mai ciwon, wa ka cire, da wace hujja? Mutum nawa ne a mazaɓar da ka raba da su? Zai fi cin lokaci a farko, rahoto zai makara, za ki ji kamar ki fizge ki yi da kanki. Ki daure.

In a shirin nan na horar da masu binciken annoba na shekara 2 yake, wanda aka fara a Najeriya a 2008 tare da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Ibadan, kin san kusan kashi uku cikin huɗu na lokacinsa a fili aka tsara ya yi, ragowar ne a aji. Ma'ana, mafi yawan abin da zai fita da shi a hannun irinki zai samu. Malaman jami'a za su koya masa lissafi. Yadda ake zama a kan tabarma a saurari uwar da ta binne ɗa shekaranjiya, da yadda ake cewa ban sani ba a gaban manya, sai wanda ya yi ya nuna masa.

Sai ki kira shi, ku biyu kaɗai, ƙofa a buɗe amma ba kowa a kusa, lokacin da ba a gaggawa. Ki fara da naki. Ki ce masa: Likita, ranar nan na yi maka magana a gaban yara, bai dace ba, ka yi haƙuri. Kuma kwalaben nan ya kamata in nuna maka tun kafin ka tafi, ban yi ba. Iyakar haƙurin da za ki bayar ke nan, wurin da aka yi maganar da yadda aka yi ta. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wannan yayanki ne a shekaru. Daga nan ki ajiye jerin a tsakaninku, ki nuna sunayen ƙauyukan nan biyu, ki ce: taimaka mini in gane yadda aka samo waɗannan ranakun. Sai ki yi shiru. Shirun zai yi tsawo, kada ki cike masa shi.

Maganar girma da ke damunki, ga yadda nake ganinta. Ki ba shi girmansa cikakke a gaisuwa, a kira, a gaban mutane. In ana maganar yadda ake duba yaro mai sanƙarau, ko a wane hali ne bai kamata a ɗebi ruwan laka ba, ki tambaye shi a gaban ƙananan ma'aikata, ki bari su ga kina koyo a wurinsa, don gaskiya ya fi ki sanin wannan. Namijin da ya ga ba a neman ƙasƙanta shi ya fi saurin karɓar gyara daga mace ƙanwar bayansa. Amma amanar da aka ɗora miki ba a raba ta da shekaru. Ke aka ce ki duba, ke za a tambaya.

Bayan wannan zaman, ku koma ƙauyukan tare. Wannan shi ne ginshiƙin shawarata, sauran duk share fage ne. Ki nemi mota da mai ko na kwana biyu ne, ku tafi da jami'in sa idon, ku fara da gidan dagaci ko mai unguwa, ku faɗi abin da ya kawo ku. Inda aka yi rashi, ta'aziyya ce farko, takarda ta zauna a jaka sai an shafa fatiha. Ke ki shiga cikin gida, ko ki roƙi mai gida ya fito da uwar yaron zaure da mayafinta, likitan ya yi tambayar da bakinsa, ke kina gefe. Kada ya ce ran nawa ga wata, ba wanda zai ba shi amsa. Ya tambaya: kafin kasuwar garin nan ne ko bayanta? An yi Juma'a yana kwance? Da aka yi sunan gidan wane, yana wasa ko ya riga ya kwanta? Azumi nawa aka kai? Da aka yi iskar nan mai ƙura fa? Mutanen karkara ba su rasa kalanda ba, tasu daban ce da ta bangon ofis, kuma uwa ba ta manta daren da ɗanta ya fara sanƙarewa. Da tambaya uku ko huɗu za a iya matse ranar ta dawo cikin kwana ɗaya ko biyu. Inda aka kasa, ya rubuta ba a sani ba da hannunsa, ke kuma ki ce masa madalla, ya ji da kunnensa cewa wannan ma amsa ce.

A hanya ki ba shi labarin Zamfara na 2010, in bai san shi da kyau ba. Yara na ta mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, da farko an ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, magani kuma ya ƙi ci. Ashe gubar dalma ce daga duwatsun zinare da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje. Da masu bincike, har da ɗaliban shirin horon nan, suka bi gida-gida a Dareta da 'Yargalma suna tambayar iyaye, suka tarar cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, 118 sun rasu a shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. Wannan adadin ba ya cikin rajistar wani asibiti. A bakin iyaye mata yake, sai da aka je aka zauna aka tambaya. Haka a Legas da Fatakwal a 2014, lokacin Ebola: mutum 894 aka bi sawunsu, aka kai musu ziyara ido da ido kusan sau 18,500, ana auna zafin jikinsu ana rubutawa. Cutar ta tsaya a kan mutum 20, 8 suka rasu, aka ayyana Najeriya ta rabu da ita ranar 20 ga Oktoba. Kowane layi a waɗancan takardun wani ne ya je ya gani. Da an samu masu cikewa daga cikin mota suna cewa ai jiya lafiyarsa lau, Allah kaɗai Ya san inda za a tsaya.

Da kun dawo, shi zai gyara jerin, shi zai sake zana hawa da saukar annobar, ya ajiye tsohon zane da sabo gefe da gefe ya gaya miki me ya canza. Sannan a tura gyararren jerin duk inda aka tura na farko, da gajeren bayani cewa an sake tantance ranakun ƙauyuka biyu. Wannan ba ya cikin abin da ake sasantawa, ko ya amsa laifi ko bai amsa ba, ko oga ya so ko bai so ba. Bayanan sun riga sun shiga kundin jiha, ƙila sun wuce hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, kuma da su za a kwatanta baɗi.

Game da sa hannu, zan gaya miki abin da ya faru da ni, don har yau yana ci mini rai. Na taɓa sa wa wani matashi hannu a littafin aikinsa a kan abubuwan da ban ga ya yi ba. Yaro ne mai ladabi, mahaifinsa ba lafiya, kowa na cewa a taimaka masa, ni kuma aiki ya yi mini yawa. Bayan wasu shekaru na je duba wata ƙaramar hukuma na tarar shi ne mai sa ido a can. Rahotonsa na mako-mako bai taɓa makara ba, kuma kusan kullum sifili ne, ba ƙyanda, ba amai da gudawa, ba komai. Da muka buɗe rajistar asibitocin sha-ka-tafi, ga yara masu ƙyanda nan layi-layi. Bai ɗauki kansa mai ha'inci ba. Ya koyi cewa abin da ake so shi ne takarda ta iso a kan lokaci ba gurbi, kuma ni na tabbatar masa da haka ranar da na sa hannu. Tausayin da na ji masa yaran wancan yankin ne suka biya kuɗinsa.

Don haka ki je wurin oganki da ladabi, ki ce: Yallaɓai, ba ƙin sa hannu nake ba, mako uku nake roƙo, akwai aikin da muke ƙarasawa ni da Likita. Ki rubuta wa mai kula da ɗalibai a shirin horon cewa takardar za ta ɗan makara, kuna sake duba bayanan fili. Jinkiri irin wannan ba baƙo ba ne a wurinsu. In lokaci ya yi, ki rubuta abin da idonki ya gani, mai daɗi da marar daɗi: ya ƙware wajen gane mai ciwo, an samu kuskure wajen adana samfur an kuma nuna masa, an samu ranakun da ba su da tushe, ya koma fili ya gyara da kansa. Ki karanta masa kafin ki tura, kada ya ji a bakin wani. Takarda irin wannan ba ta kashe aiki. Masu horarwa sun fi amincewa da ɗalibin da aka ga kuskurensa aka ga gyaransa. Maganar yana da iyali gaskiya ce, kuma hanya mafi kusa ta kare abincin iyalin nan ita ce ya fita ya iya aikin.

Idan kuwa kika zauna da shi ya kafe cewa a bakin iyaye ya ji ranakun, alhali jami'i da rajista sun nuna akasin haka, ko ya ƙi komawa, ko kika sake kama irin wannan bayan an yi magana, to al'amarin ya fi ƙarfin ofishinki. Ki sanar da masu shirin a rubuce, ba zagi ba ƙari, ki haɗa da kwafin rajistar, ki kuma gaya masa tun kafin ki tura. Ba ke kika tozarta shi ba a lokacin. Amma ina kyautata zaton ba za a kai nan ba. Mutumin da ya koma gaisuwa kawai bayan an yi masa faɗa, yawanci kunya ce ke cin sa, mai kunya kuwa ana iya aiki da shi.

Sauran watannin da suka rage muku, ki ware masa awa ɗaya kowane mako, rana sananniya, ko da ba abin da ya faru, don kada ya zama ba ya ganin fuskarki sai in an yi laifi. Ki kai shi ɗakin gwajinku ya yini, ya sa safar hannu, ya shuka samfur da kansa, ya ga yadda ake naɗe kwalba rufi uku kafin ta hau mota, ya ga fom ɗin da ya iso ba suna ba rana ya ji takaicin da kike ji. Ki sa ya rubuta jerin kayan fita fili a takarda ɗaya, wane samfur ke son sanyi wane ba ya so, a manna a jikin kula, don wanda zai zo bayansa. In alawus ɗin fita ya makale ki bi masa, in aikin ya zama takardar da za a gabatar a taro sunansa ya zo inda guminsa ya kai. Ke ma ki nemi wata babba a wannan fannin da za ki riƙa kira in abu ya cushe, don da alama an miƙa miki ɗalibi ba tare da an nuna miki yadda ake riƙe shi ba, kuma haka aka yi wa yawancinmu.

Ki hanzarta tafiyar kafin ruwa ya zauna hanya ta yanke, kafin kuma iyayen su shiga shuka a rasa su a gida. Ki tafi da kwafin rajistar da tsohon jerin, da fensir maimakon biro. In kun dawo ki rubuto mini, ina so in ji gurbi nawa ya bari babu komai, da abin da ya ce a mota a hanyar dawowa. Allah Ya dafa miki, Ya jiƙan yaran da aka rasa.